Keke Ya Kai Ka Tasha, Jirgi Ya Kai Ka Aiki

Tun ran 29 ga watan Mayu 2023, ranar da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ce an janye rangwamen da Gwamnati ke yi a kan man fetur, kuɗin mota ya shiga sahun manyan abubuwan da ke cinye albashin ƙaramin ma'aikaci. Litar man da a ke saye ƙasa da Naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta kai 617 a watan Yuli na shekarar, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta zarce 1,000. Gaskiya ne a Yulin 2024 an ɗaga mafi ƙanƙantar albashi zuwa Naira 70,000, amma duk akawu ko malamin makarantar da gidansa ke bayan gari ya san hanyar da ƙarin ya bi ya fita. Abin har ya kai waɗansu jihohi, kamar Edo da Kwara, suka rage wa ma'aikatansu kwanakin zuwa ofis a 2023, don dai a sassauta musu.

Da ya ke haka ne, muka ga ya kamata mu ɗauko maganar wata dabara wadda mutanen waɗansu ƙasashe suka daɗe suna cin moriyarta, mu auna ta, mu ga abin da ke cikinta na amfani da abin da ba zai yiwu a gare mu ba. Dabarar ita ce haɗa keke da jirgin ƙasa ko bas a tafiya ɗaya. Watau mutum ya hau kekensa daga ƙofar gida zuwa tasha, ya ajiye shi, ya shiga jirgi ko bas ya tafi aiki, da la'asar ya komo ya tarad da kekensa, ya hau ya yi gida. Wani zai ce wannan ai ba wata hikima ba ce. Haka ne, a baki abu ne mai sauƙi. Amma ƙasashen da suka iya shi ba su da yawa, kuma da muka bi labarinsu sai muka ga duk sirrin yana wuri ɗaya wanda ba a cika kula da shi ba, watau inda a ke ajiye keken.

Bari mu fara da lissafi, gama yawancin masu karatunmu aikinsu ke nan. Tafiyar ma'aikaci a babban birni kashi uku ce: daga gida zuwa bakin babbar hanya, daga nan zuwa tsakiyar gari, sa'an nan daga inda aka sauke shi zuwa ƙofar ofis ko makaranta. Kashi na tsakiya shi ne mai tsawo, amma shi ya fi araha in an auna da mil, domin jama'a da yawa ne suka yi tarayya a kan man mota ɗaya. Na farko da na ƙarshe gajeru ne, ga tsada, domin mai babur mutum ɗaya zai goya, mai A Daidaita Sahu kuwa uku ko huɗu. A ce mutum yana hawa uku da safe, uku da yamma; shida ke nan a yini. In keke ya ɗauke masa na farkon safiya da na ƙarshen yamma, ya tsira da biyu. A wata mai ranakun aiki 22, hawa 44 ke nan ba a biya ba. Kowa ya buga wannan da abin da a ke karɓa a unguwarsu, ya ga cikin wata nawa keke zai fanshi kansa.

Akwai wani lissafin kuma, wanda ya shafi masu jirgi da masu bas. Mai tafiya a ƙasa ya kan ci rabin mil cikin minti 10, kuma yawancin mutane ba su son su wuce haka kafin su isa tasha. Mai keke, ba tare da ya wahalad da kansa ba, ya kan ci mil ɗaya da rabi cikin wannan lokaci. Nisa ya ninka sau 3. To, malaman lissafi sun san in aka ƙara faɗin da'ira sau 3, filin da ke cikinta sau 9 ya ke ƙaruwa. Watau tashar da ke da wurin ajiye kekuna tana iya jawo mutane daga fili ninki 9 na tashar da ba ta da shi, ba tare da an ƙara ko taƙi ɗaya na dogo ba. Duk wanda ya san abin da a ke kashewa wajen shimfiɗa mil ɗaya na hanyar jirgi, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ƙasar da ta fi kowa gane haka ita ce Holan. Mutanenta wajen miliyan 18 ne, kekunansu kuwa sun fi su yawa, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukan tafiye-tafiyen da a ke yi a ƙasar a kan keke a ke yin su. Kada mai karatu ya zaci da haka aka halicce su. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da arziki ya zo musu, su ma mota suka runguma kamar kowa. Aka rushe gidaje aka faɗaɗa tituna, keke ya soma ja da baya. Abin da ya farkad da su shi ne jini. A 1971 kaɗai mutum wajen 3,300 suka mutu a haɗarin hanya, fiye da 400 daga cikinsu yara ne, har iyaye suka fito tituna suna kukan a daina kashe musu 'ya'ya. Ana cikin haka sai ga rikicin mai na 1973. Ƙasashen Larabawa suka hana sayar wa Holan mai, Gwamnati kuma ta hana hawan mota ran Lahadi har tsawon waɗansu makonni. Daga wannan lokaci ne aka dukufa wajen keɓe wa keke hanyarsa dabam da ta mota, sannu a hankali, gari bayan gari, shekara da shekaru. Mun kawo wannan ne don a ga cewa ƙuncin mai ya taɓa tura wata ƙasa ga keke tun kafin mu. Amma ƙuncin bai yi aikin shi kaɗai ba, sai da hukuma ta bi shi da siminti da doka.

A yau, cikin kowane mutum 10 da za su shiga jirgin ƙasa daga garinsu a Holan, 4 ko fiye a kan keke suka zo tasha. Ga abin da zai ba mai karatu mamaki: ba a barin su shiga da kekunan cikin jirgi a lokacin da suka fi bukata. Dokar kamfanin jiragen ita ce, a ranakun aiki, daga ƙarfe 6.30 zuwa 9 na safe, da kuma daga 4 zuwa 6.30 na yamma, ba a shiga da babban keke, sai fa cikin watannin Yuli da Agusta, lokacin hutu. A sauran lokatai ma sai an yanka wa keken tikitinsa dabam. Dalili a fili ya ke. Keke ɗaya ya kan tare wurin tsayuwar mutum biyu ko uku, ga ɓata lokaci wajen shiga da fita, ga shafa wa mutane baƙin mai a tufafi. In mutum 400 cikin 1,000 suka ce lalle sai da kekunansu, jirgin ba zai tashi ba. A biranen Amurka an bi wata hanya, an ɗaura wa bas-bas wani ƙarfe a goshi mai ɗaukar keke 2 ko 3. Yana da amfani inda masu keke ba su da yawa, amma wanda ya zo ya tarar ya cika sai ya jira bas na gaba. Dabarar da ke tafiya daidai don kawai mabiyanta kaɗan ne, ba ta isa a ɗora mata ma'aikatan birni guda ba.

Saboda haka sai Holan ta zuba kuɗinta a ma'ajiya. A birnin Utrecht, inda manyan hanyoyin jirgin ƙasar suka haɗu, an ƙare ginin wata ma'ajiyar kekuna a watan Agusta 2019, mai hawa uku, mai ɗaukar keke 12,500, a ƙarƙashin dandalin tashar. An kashe mata fiye da Yuro miliyan 30. Mutum ba ya tura kekensa a ciki, a kansa ya ke ratsawa. Ya taɓa katinsa na jirgi a jikin na'ura, allunan lantarki su nuna masa layin da ke da sarari, ya kafa keken, ya hau matakala, sai ga shi cikin tasha. Akwai masu gadi, akwai wurin gyara. Awa 24 na farko kyauta ne, bayan nan a soma biya. A Janairun 2023 birnin Amstadam ya buɗe tasa mai ɗaukar 7,000, kuma da ya ke babu fili a gaban tashar, sai aka gina ta a ƙarƙashin ruwa. Wanda ya ga kuɗin sun yi yawa, ya tuna da a ce mutanen nan 12,500 na Utrecht kowa da motarsa ya zo, filin da za a nema musu ya fi filin ƙwallo 40, a tsakiyar birni kuwa.

Kyautar nan ta awa 24 tana da dalili, kuma ya kamata masu mulkin garuruwanmu su lura da shi. In aka ce sai an biya tun daga farko, mutane da yawa za su ƙi shiga, su ɗaure kekunansu a jikin kowane turke da kowace gada, su toshe ƙofar tasha. An ga haka a Holan shekaru da yawa. In kuwa aka bar shi kyauta har abada, sai wurin ya zama rumbu, kowa ya kawo tsohon kekensa ya manta da shi. Don haka mai zuwa aiki ya komo a yini ba ya biyan ko anini, mai kwana da kwanaki ya biya, keken da aka yasar kuma a manna masa takarda, in ba a zo ba a kwashe shi. Gadin ma ba ado ba ne. Dubban ɗaruruwan kekuna a ke sacewa a Holan kowace shekara, duk da arzikinsu. Ba mai barin kekensa awa 9 ya tafi wani gari sai ya tabbata zai tarad da shi, kuma ran da aka sace na mutum ɗaya, maƙwabtansa goma sun fasa.

Saura kashi na uku, daga tashar da aka sauka zuwa ofis, kuma shi ya fi wuya, domin kekenka yana can inda ka baro shi. Waɗansu su kan sayi wani tsohon keke, wanda ɓarawo ba zai yi sha'awa ba, su bar shi yana kwana a tashar da su ke sauka. Waɗansu su kan sayi keke mai naɗewa, irin su Brompton da a ke ƙerawa a Landan, wanda in an naɗe shi ya kan koma kamar ƙaramin akwati, a shiga da shi jirgi kowane lokaci ba biya. Sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci ko a can. Hanyar da ta fi karɓuwa ita ce keken haya na tasha, wanda su ke kira OV-fiets. An soma shi a 2003, kamfanin jiragen ƙasa ya karɓe shi a 2008, yana da wuraren ɗauka wajen 300, kuma a 2019 an yi hayarsa fiye da sau miliyan 5. Keke ne mai ƙarfi, mai ruwan ɗorawa da shuɗi, ba shi da wani ƙyale-ƙyale. Da katin jirgin nan dai a ke ɗaukarsa, kuɗinsa na awa 24 bai kai Yuro 5 ba a 2024, kuma tilas a komad da shi tashar da aka ɗauke shi, in ba haka ba a ƙara maka kuɗi.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya raba shi da abin da ya faru a ƙasar Sin. A 2016 da 2017 kamfanoni, irin su Ofo, suka zuba miliyoyin kekunan haya a titunan birane, a buɗe su da wayar hannu, a yar da su duk inda aka ga dama. Mutane sun yi murna da farko, musamman masu fita daga tashoshin jirgi. Ba a jima ba kekuna suka toshe hanyoyin masu tafiya a ƙasa, hukumomi suka riƙa kwashe su suna tarawa a filaye kamar tsaunuka, a ƙarshen 2018 kuma Ofo ya durƙushe da kuɗin ajiyar miliyoyin mutane a hannunsa. Keke sun wadata, wurin ajiya da mai lura ne babu. Japan kuwa tafarkin Holan ta bi. Ba a shiga jirgi da keke sai an kwance shi an sa a jaka, amma tashar Kasai ta birnin Tokiyo tana da ma'ajiyar keke 9,400, kuma tun 1994 doka ta tilasta wa kowa ya yi rajistar kekensa, don in an sace a san mai shi.

Mun san abin da ke bakin mai karatu: waɗannan ai masu arziki ne. To, ga Bogota, babban birnin Kolombiya, inda talakawa ke zaune a gefen gari kamar yadda namu su ke. A watan Disamba 2000 aka buɗe hanyar manyan bas-bas mai suna TransMilenio, wadda aka keɓe mata layinta a tsakiyar titi. A manyan tashoshin da ke bakin gari aka yi ma'ajiyar kekuna a cikin shingen tashar, da mai gadi, da rajista, ba a biyan kome bayan kuɗin bas. Hukuma ta ga cewa duk wanda ya zo da kekensa ya rage mata nauyin ƙananan motocin da ke kwaso mutane daga unguwanni. Ko kusa da mu, wanda ya je Wagadugu ya ga yadda a ke keɓe wa masu ƙafa biyu gefensu a manyan tituna, ya ga kuma masu gadin kekuna da babura a ƙofar kasuwa da ofisoshi, su karɓa su ba ka tikiti.

Mu dawo gida. Keke ba baƙo ba ne a wurin ma'aikacin ƙasar nan. Dattawan da suka yi aikin En'e suna iya tuna lokacin da a ke ba akawu da malamin makaranta da duba-gari bashin keke, a riƙa yanka a albashi wata-wata, a kuma yanki lasin keke kowace shekara. Mai sabon Raleigh a zamanin nan ba ƙaramin mutum ba ne a unguwa, har kamfanin ya kafa wurin harhaɗa su a Kano. Da kuɗin mai suka shigo, aka biya ƙarin albashin Udoji na 1974, aka buɗe kamfanin Peugeot a Kaduna a 1975, sai ido ya koma kan babur da mota. Titunan da aka yi daga nan zuwa yau, da gadojin sama da muke alfahari da su, duk don mota aka zana su. Keke ya koma na ɗan makaranta, da mai kai kaya kasuwa, da wanda a ke cewa abin duniya ya ƙi shi.

An taɓa ƙoƙarin komo da shi. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran ma'aikata su hau keke, shi da kansa ya hau a Abuja, sai wata bas ta ture shi ya faɗa kwata. Jama'a suka yi ta dariya, maganar ta mutu. Mu a ganinmu ba abin dariya ba ne, darasi ne. An ce wa mutane su hau keke tun daga gida har ofis, a kan titunan da motoci ke gudu kamar za su tashi sama, ba a keɓe musu ko taƙi ɗaya ba. Wanda ke zaune a Kubwa ko Zuba ko Mararaba ba zai tuƙa keke zuwa tsakiyar Abuja kowace safiya ba, kuma ba mai hankalin da zai ba shi wannan shawara. Amfanin haɗa keke da jirgi ko bas shi ne, keken ba ya hawa babbar hanya. Cikin unguwa ya ke yawo, mil ɗaya ko biyu, inda motoci ba su gudu ƙwarai, ya tsaya a bakin tasha. Tun 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 3 ga watan Yuni ta zama ranar keke, manya su kan hau a ɗauki hoto. Ba mu ce kada a yi ba, amma rumfa ɗaya a tasha ta fi jerin gwano goma amfani ga akawu.

Jirgin ƙasa na cikin Abuja shi ne misalin da ya fi dacewa da lissafin da'irar nan. An buɗe shi a watan Yuli 2018, ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, aka sake tā da shi a watan Mayu 2024. Kukan da aka fi yi da shi tun farko shi ne tashoshinsa sun yi nisa da gidajen mutane. Ba za a ciro dogo a matso da shi ba, an riga an shimfiɗa. Amma tashar da ta yi wa mai ƙafa nisa, ba lalle ta yi wa mai keke nisa ba. Gari kamar Kubwa, mai cike da ma'aikata, ga tasha a gefensa, nan ne ya kamata a fara gwadawa, a ƙirga kekunan da ke kwana da waɗanda ke yini har wata shida, a ga abin da ƙirgar za ta nuna.

Kano kuwa Allah ya yi ta shimfiɗaɗɗiya, ba tudu ba gangare, ga masu faci da masu gyara a kowane lungu, ga kekunan gwanjo a kasuwa. Tun da aka hana acaɓa a watan Janairu 2013 saboda tsaro, kashi na farko na tafiyar mutane ya koma kan A Daidaita Sahu ko ƙafa. Amma a nan dole mu faɗi gaskiya ko da ba ta yi daɗi ba: kafin a haɗa keke da wani abu, sai an sami abin haɗawar. Ɗan Holan ya kan bar kekensa da kwanciyar rai domin ya san a manyan hanyoyi jirgi na tashi kowane minti 10 ko 15. Wanda ya tuƙo keke daga Rijiyar Zaki zuwa Kabuga, ko daga Mariri zuwa Unguwa Uku, in ya zo ya tsaya rabin awa yana kokawar shiga mota, gobe zai ce gara ya zarce da kekensa cikin motoci, ko ya bar shi a gida. Keke ba ya gyara bas marar lokaci. Jihar da ke sayen manyan bas-bas don sauƙaƙa wa ma'aikata, sai ta tsai da musu tashoshi sanannu da lokaci sananne, sa'an nan rumfar keke ta biyo.

Akwai maganar zafi, kuma ba mu raina ta ba. Ranar watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ba irin ta Utrecht ba ce, kuma ba malamin da ke son ya shiga aji riga sharkaf da gumi. Sai dai a tuna tafiyar minti 10 ce, da ƙarfe 7 na safe, kuma wanda zai yi ta a ƙasa zai fi daɗewa cikin ranar. Da damina akwai ranakun da ba za a hau ba, sai a biya mota. Wannan zai rage hawa 44 ɗin nan amma ba zai share su ba. Abin da ya fi damun mu shi ne mata. A Holan mata sun fi maza hawan keke. A garuruwanmu kuwa malama ko ma'aikaciyar asibiti ba ta hawa, kuma ba jarida ce za ta sauya wannan da shafi ɗaya ba. Watau dabarar nan, ko ta yi kyau ƙwarai, wani sashe na ma'aikata za ta taimaka, kada wata hukuma ta fake da ita ta ƙi gyara motocin cikin unguwa. Sai kuma girman kai, wanda ba mu da maganinsa illa mu ce Mark Rutte, wanda ya yi Firayim Ministan Holan daga 2010 zuwa 2024, a kan keke ya kan je ofis, ran da ya sauka ma a kan keke ya fita.

Abin da a ke bukata a nan bai kai ko kusa da ginin Utrecht ba. Fili ne a jikin tasha, ba can nesa ba, gama in an sa mutum tafiyar minti 5 daga rumfa zuwa mota an cinye ribar. Shinge, ƙofa ɗaya, rufin kwano saboda rana na cin taya da sirdi, ƙarfen da za a sa sarƙa da kwaɗo, fitila saboda masu komowa bayan magariba, da mai faci a gefe wanda zai gyara kafin mai shi ya taso. Wurin da mota ɗaya ke tsayawa ya kan ɗauki keke wajen 10. Irin wannan gadi ma mun saba da shi: a ƙofar manyan kasuwanninmu da asibitoci a kan ajiye babur, a ba ka lamba, ka komo ka biya ka ɗauka. Ba a dai kai shi tashoshin da ma'aikata ke hawa ba ne bisa tsari. Shugabannin makarantu da na ofisoshi su ma da nasu aikin, domin mai keke na biyu, ko wanda ya zarce da nasa, yana bukatar inuwar da zai kafa shi a wurin aiki.

Tambaya ɗaya ce za ta tsai da abin ko ta rushe shi, kuma gara a amsa ta kafin a kafa turke na farko: in keke ya ɓace a cikin rumfa, wa zai biya? In amsar ita ce a yi haƙuri, to ba wanda zai kawo keke mai kyau sau biyu. Shawararmu ita ce ƙaramar hukuma ta ba da filin, ta ba wani amintacce ko ƙungiyar masu gyaran keke riƙon wurin bisa yarjejeniya a rubuce, ya ajiye jingina a hannun hukuma wadda za a biya mai keke daga ciki. A buɗe littafi, a rubuta sunan mai keke da lambar da ke jikin ƙarfen keken, kamar dai yadda malaman En'e ke rubuta lasin a dā, a ba shi tikiti mai lamba, a manna rabinsa a jikin keken. Kuɗin yini kada ya kai rabin abin da mai A Daidaita Sahu ke karɓa zuwa unguwar, wanda ya biya na wata gaba ɗaya kuma a rage masa.